Ayuba Numfashi da Waken Mangaza

A Rijiyar Ƙirya, wani ɗan ƙauye da ke ƙasar Yekuwa, Ayuba uku ne, shi ya sa kowannensu yake da laƙabi. Akwai Ayuba Mahauci, akwai Ayuba na Liman, sai wanda zan ba da labarinsa, Ayuba Numfashi. Yanzu ya haura shekara arba'in da biyar. Dogo ne siriri, gemunsa ya fara furfura ta gefe guda, kuma manomi ne kamar kowa a garinmu: gero, wake, da 'yar gyaɗa in damina ta yi kyau. Wanda ya same shi a yau zai ce mutum ne marar magana. Mu da muka san shi da daɗewa mun san ba haka yake ba a da.

Laƙabin daga lakwal, wato makarantar boko, ya samo asali. A shekararsu shi kaɗai ne ɗan garinmu da ya ci jarrabawa ya wuce koleji a Magariya, inda ya zauna gidan wani kawunsa mai gyaran rediyo. A can ya haɗu da Mushe Maina (haka ake kiran malaman lakwal, Mushe), malamin kimiyyar halittu, wani gajeren Babarbare mai yawan atishawa. Wata safiya Mushe Maina ya shigo aji da manyan kwalabe biyu masu faɗin baki. Ɗaya babu komai a ciki. Ɗayar an zuba mata jiƙaƙƙen gero wanda ya fara tsiro, an toshe bakinta tun shekaranjiya. Ya ɗaure guntun kyandir a waya, ya kunna, ya zura a kwalbar da ba komai, wuta ta ci gaba da ci. Ya buɗe ta geron ya zura, wuta ta mutu nan take kamar an hure ta.

"Wa ya shanye iskar da ke ciki?" ya tambaya.

Ya yi bayani da Faransanci, ya ga idanu sun yi masa zuru, sai ya tura ƙofa, don an hana Hausa a aji, ya sake da Hausa.

"Jikinku, da jikin geron nan, da na ƙwaro, duk an gina su ne da ƙananan ɗakuna da ido ba ya gani, ƙwayoyin halitta. Kowane ɗaki da murhunsa. Tuwon da kuka ci ya narke ya koma sukari, jini ya kai shi ɗakin, iskar da kuka shaƙa ta je ta same shi, sai a ƙona shi sannu a hankali, ba harshen wuta, ba hayaƙi. Abu uku ke fitowa: ƙarfi, da ruwa, da wata gajiyayyiyar iska wadda ba ta riƙe wuta. Geron nan yana da rai, yana ci, yana numfashi. Shi ya shanye iskar."

Mako na gaba ya zo da ƙullun waina a kwalba, ya ɗaura balan-balan a bakinta. Kafin a tashi ta kumbura ta miƙe tsaye.

"To in babu iska fa? Ba kowane murhu ke mutuwa ba. Akwai ƙananan halittu da ke fasa sukarin rabi da rabi, su sami ɗan ƙarfi kaɗan, su bar tsami ko iska a baya. Su ke kumbura ƙullu, su ke sa nono tsami. Ku ma in kuka yi gudu har iska ta kasa isar ƙafafunku, namanku wannan hanyar yake komawa."

Ayuba ya ce mini ranar bai iya cin abincin rana ba. Ya zauna yana kallon tuwon a kwano yana tunanin inda za shi. Sauran darussa ba su shige shi haka ba. Sau biyu ya zauna jarrabawar brebe ta gama koleji, sau biyu Faransanci da lissafi suka kayar da shi. Ana cikin haka mahaifinsa ya kwanta ciwon ƙafa, aka aiko masa ya dawo ya kama gona. Ya dawo da akwatin ƙarfe, da tabarma, da kaye ɗaya, littafin rubutu mai shuɗin bango wanda ya cika da zanen kwalabe.

Da ya dawo sai ya ishi mutane. In aka tara damman gero da sauran laima, aka sa hannu aka ji ɗumi, sai ya ce numfashi ne. In masu huɗa suka zauna suna haki suna matsa ƙwauri, sai ya fara bayanin iskar da ba ta isa nama ba. Samari suka riƙa kwaikwayonsa, har laƙabin ya bi shi. Da ya auri Ƙande, wadda ke koko da waina tana kaiwa kasuwar Yekuwa, sai ya sami wadda zai yi wa darasi kullum. Yakan tsuguna gaban roban ƙullunta yana nuna mata 'yan kumfan da ke tasowa.

"Kin ga suna aiki. Ba su da iska a can ƙasa, amma suna ci."

"Malam, tun kakata ake kwaɓa ƙullu yana tashi, ba wanda ya je Magariya. Matsa mini in ɗora tanda."

Mutum ɗaya ne ba ya yi masa dariya, Abdulwahabu, wanda kowa ke kira Wahabu. Tare aka yi musu kaciya, tare suka yi kiwon awaki, kuma shi ne babban abokin ango a bikin Ayuba. Wahabu bai wuce aji huɗu na firamare ba, amma Allah ya ba shi baki. In Ayuba ya yi bayani ya cukurkuɗe, Wahabu ne ke karɓa ya warware da barkwanci har mutane su gane. In aka tsokani Ayuba a majalisa, shi ke cewa, "Ku bar shi, wata rana za ku zo kuna tambayarsa." Ba a cin tuwon dare a gidan ɗayansu ba a aika wa ɗayan ba.

Babban ciwon kan manoman wake a wajenmu ƙwari ne. Ka girbe wakenka fari tas, wata biyu ka buɗe buhu ka tarar duk ƙwaya ta huje, gari na zuba. Dole kowa ya sayar da kaka, lokacin da wake ba shi da daraja, sannan da bazara ya koma neman iri wurin waɗanda suka saya. Masu sa hodar magani kuwa, akwai shekarar da gida guda suka kwana suna amai.

Sai wani proje, shirin taimakon manoma, ya zo da buhu mai rufi uku: leda biyu masu kauri a ciki, buhun saƙa a waje. Aka tara mu a gindin ƙirya, wani ma'aikaci ya ce a zuba busasshen wake, a matse iska, a ɗaure kowace leda daban, ba magani ba komai. Mutane suka ce to me zai kashe ƙwarin? Ma'aikacin ya fara kame-kame. Ayuba ya miƙe.

"Ƙwaron ma numfashi yake! In an rufe, shi da ƙwayayensa za su shanye 'yar iskar da ke ciki. In ta ƙare murhunsa ya tsaya, ya daina ci. Kuma ku duba, a ina ƙwaro ke shan ruwa a cikin busasshen wake? Ruwansa daga ƙona abincin yake samu. Ba iska, ba ruwa. Ƙishirwa ke kashe shi."

Wahabu ya karɓa: "Kun ji. Ku toshe masa hanci kawai, ya mutu da ƙishi a tsakiyar abinci." Aka fashe da dariya, amma maganar ta zauna.

Shekara biyu Ayuba yana gwadawa da nasa waken, yana buɗewa a gaban mutane da bazara, fari ƙal kamar ranar da aka sussuka. A hankali aka fara bin sa. Aka kafa ƙungiya, aka gyara wani tsohon ɗakin siminti aka mai da shi mangaza, wato ɗakin ajiya, kowa ya kawo wakensa a ajiye tare har ya yi daraja. Aka naɗa Ayuba mai kula da ita. Da maigari ya ce makulli biyu ne, ya zaɓi wanda zai riƙe na biyun, ko juyawa bai yi ba ya ce Wahabu.

Shekara uku abin yana tafiya lafiya. A ta huɗu aka tara buhu sittin da 'yan kai, har da na matan da ba su da maza, irin su Iya Mariya, wadda ta noma wakenta ita da jikokinta a wata 'yar gona bayan maƙabarta. Kowane buhu Ayuba ne ya duba shi da hannunsa. Yakan ɗebi ƙwaya ya ciza, in ba ta yi ƙaras ba ya ce a koma a ƙara shanyawa. Shi ya murɗe bakin kowace leda, ya lanƙwasa, ya ɗaure da zirin roba.

Cikin sanyin shekarar 'yarsa Rahama ta kamu da ciwon haƙarƙari, aka kwantar da ita a asibitin Magariya. Shi da Ƙande suka yi mako uku a can. Ranar da za su tafi Wahabu ne ya raka su har bakin hanya, ya riƙe masa jaka.

"Ka je ka ji da yarinya. Mangaza tana hannuna, ko ɓera ba zai shiga ba."

Rahama ta warke, suka dawo. Ayuba ya leƙa mangaza, ya ga buhuna a jere cike kamar yadda ya bar su, kwaɗo lafiya, ya ja ƙofa. Ba a buɗe irin wannan buhu sai ranar sayarwa, shi da kansa ya koya wa mutane haka.

Ranar buɗewa ta zo cikin tsananin zafin bazara. Wani ɗan kasuwa ya zo da mota daga Waca, mutane suka taru, mata na gefe da kwanukan awo. Aka jawo buhun farko, lafiya. Na biyu lafiya. Na uku, Ayuba na kwance ledar ciki wani wari ya bugi fuskarsa, tsami mai hawa kai kamar na ƙullun da ya kwana huɗu. Waken sama ya yi baƙi ya dunƙule, yana yauƙi. Aka jawo wani, shi kuma ana buɗewa ƙwari suka yi ta fitowa da ransu suna hawa hannun mutane. Aka ci gaba da buɗewa. Fiye da buhu ashirin sun lalace, wasu da tsami, wasu da ƙwari. Ɗan kasuwa ya zaɓi masu kyau ya taya da wulaƙanci, ya tafi.

Duka buhu biyun Iya Mariya suna cikin waɗanda suka yi tsami. Ta sa hannu ta ɗebo, ta duba, ta miƙa wa Ayuba a tafin hannunta.

"Ɗana, kai ka ce in kawo. Ka ce ba abin da zai same shi. Me zan shuka?"

Nan mutane suka fara: ledar Nasara ce, daman mun faɗa, an hana mu sa magani, ga bokon Numfashi ya ci mu. Ayuba ya waiga yana neman Wahabu ya karɓi magana kamar kullum. Wahabu na tsaye jikin bango yana kallon ƙasa.

Kwana biyu Ayuba bai fita ba. A na uku ya ce wa Ƙande, "Buhu ba ya ƙarya. Ƙwaro ba ya rayuwa wata biyar ba iska. Busasshen wake kuma ba ya tsami, sai an jiƙa shi. Waɗannan halittun na ƙullunki ba sa aiki a busasshen wuri. Ni na ciza kowane wake da haƙorina."

"To me kake nufi?"

"An buɗe. An ɗiba. Wasu an mai da ɗaurin sakwa-sakwa, iska ta shiga. Wasu an cike gurbin da jiƙaƙƙen wake, don ya kumbura buhu ya ga kamar cike yake."

Ƙande ta ajiye ludayi. "Makulli biyu ne, Malam."

"Kada ki ƙara. Wataƙila an sace nasa an yi wani. Wataƙila ta rufi aka shiga."

Ya hau rufin mangaza ya duba kwano ɗaya bayan ɗaya, ba inda aka ɓalle. Duk da haka bai je ya tambayi Wahabu ba. Abin da ya dame shi a lokacin shi ne a wanke sunan buhun, kada mutane su koma hodar magani. Sai ya samo bido uku, wato jarkokin mai, ya wanke, ya shanya. Ya kira maigari da liman da dattawa biyu, a gabansu ya zuba wake iri ɗaya, mai 'yan ƙwari a ciki. Na farko ya toshe shi gam. Na biyu ya bar murfin a sake. Na uku ya haɗa da jiƙaƙƙen wake ya toshe. Aka kai su zauren maigari aka ajiye. A cikin makonnin nan ne Wahabu ya shigo gari da sabon moto, jan babur, ya ce wani kawunsa na Kano ne ya ba shi ya riƙa kabu-kabu.

Bayan mako shida, an yi ruwan farko ke nan, maigari ya tara gari. Aka buɗe bido na farko, wake lafiya, ƙwarin sun mutu sun bushe a ƙasa. Na biyu ƙwari sun yi gari da shi. Na uku tun kafin a buɗe ya kumbura kamar zai fashe, ana murɗa murfin ya yi tsaki, warin nan na ranar mangaza ya cika zaure. Mutane suka toshe hanci. Ayuba ya yi bayani a natse, ya ce laifin ba na buhu ba ne, hannu ne ya taɓa shi.

Wani dattijo ya ce, "To mun yarda. Hannun wa? Ba a fasa kwaɗo ba."

Maigari ya juya. "Wahabu, kai ne mai makulli na biyu."

Wahabu ya gyara zama. Muryarsa ba ta yi rawa ba ko kaɗan.

"Ranka ya daɗe, nawa makullin ya ɓace tun kaka, a gona. Na faɗa wa Ayuba a lokacin, ya ce in bar maganar kada hankalin mutane ya tashi. Tun da aka rufe mangaza ban sa ƙafata ciki ba. Ni ban ce shi ne ba. Abokina ne. Amma wanda ya san jiƙaƙƙen wake yana kumbura buhu, ai sai mai ilimin abin."

Ayuba ya ce mini a lokacin ji ya yi kamar kunnuwansa sun toshe. Yana ganin bakin mutane na motsi, ba ya jin komai. Shi da hannunsa ya kawo bido uku ya tabbatar wa gari an yi sata, ga shi an juyo masa da su.

"Wahabu," ya ce, "yaushe ka faɗa mini?"

"Ka tuna mana. A bakin rijiya."

Maigari ya ce tunda magana ta zama ta mutum biyu, sai a kawo Alƙur'ani kowa ya dafa, in Ayuba ya yarda, tunda shi ne shugaban mangaza. Ayuba ya dubi abokinsa. Ya san shi tun suna tsirara, ya ga yadda ya ɗaure fuska, ya tabbata in aka kawo zai dafa. Ya tuna 'ya'yan Wahabu huɗu da ke kiransa baba. Mu nan mun yi imani wanda ya dafa Littafi a kan ƙarya ba ya gamawa lafiya, shi da gidansa.

"Ranka ya daɗe, kada a kawo," ya ce.

Zaure ya ɗauki guna-guni. A wurin mutane magana ta ƙare, mai gaskiya ba ya gudun rantsuwa. Ba a kai Ayuba wurin jandarma ba, saboda darajar mahaifinsa. Aka karɓi makullin a hannunsa a gaban kowa, aka watse.

Bayan kwana goma, ana noman farko, Ayuba ya hango Wahabu shi kaɗai a gonarsa da hantsi. Ya ajiye hauya ya tsallaka.

"Ba kowa a nan sai Allah. Ka gaya mini."

Wahabu ya ci gaba da noma har ya kai ƙarshen kunya, sannan ya tsaya.

"Tiya goma-goma na ɗiba. Na ɗauka ba za a gane ba. Na ɗauka jiƙaƙƙen zai bushe a ciki."

"A cikin leda biyu zai bushe? Shekara nawa kana jin ina faɗa?"

"Na ji. Ban ɗauka da gaske haka abin yake ba."

Wannan ta fi yi wa Ayuba ciwo fiye da satar, in ji shi. Shekara ashirin mutumin nan yana tsaya masa a majalisa, ashe ko sau ɗaya bai yarda da abin da yake faɗa ba.

"To satar na ji. Ƙaryar fa? A gaban liman?"

"Kai ana ganin girmanka, Ayuba. Kai ɗan boko ne, za a manta. Ni in aka ce ɓarawo ne, wa zai hau motona? Wa zai auri 'ya'yana? Ka rufa mini asiri, don zumuncinmu."

"Na rufa ai. Ba ka gani ba?"

Ya juya ya koma gonarsa. Ya gaya wa Ƙande, ta ɗauki mayafi za ta gidan maigari, ya tare ƙofa. Ya ce ba shaida, kuma wanda ya ƙi rantsuwa jiya ba zai dawo yau da sabon labari a saurare shi ba. Ta yi kwana uku ba ta yi masa magana ba.

Ba a manta ba. Daminar nan in ya doso majalisa sai hira ta mutu. A masallaci ana ba shi hannu da kan yatsu. Matan gari suka daina sayen kokon Ƙande, sai ta riƙa ɗaukar dukansa a ka har Yekuwa inda ba a san zancen ba. Rahama ta dawo daga lakwal tana kuka, an ce mata 'yar mai jiƙa wake. Ƙungiya ta watse, mangaza ta koma wurin ɗaure awakin maigari, mutane da dama suka koma hodar magani. Da kaka Ayuba ya auna buhu biyu daga wakensa ya kai ƙofar Iya Mariya a kan amalanke. Ta karɓa ta shige gida. A gari aka ce ga shi nan, yana mai da abin da ya ci.

Tun daga lokacin ya daina bayani. Ko an tara gero ya yi ɗumi a gabansa, sai ya wuce.

Shekara biyu bayan haka wani sabon proje ya zo neman wanda zai riƙa zagaya kasuwanni yana wayar da kan manoma a kan buhu mai rufi uku. Suna son mai baki, mai moto. Aka ba su Wahabu. Wata ranar kasuwa Ayuba ya kai akuya Yekuwa, sai ya ji murya a lasifika, muryar da zai gane ko cikin barci. Wahabu ne a tsaye kan tebur da riga mai tambarin proje, mutane sun kewaye shi.

"Ƙwaron ma numfashi yake, jama'a! A ina yake shan ruwa cikin busasshen wake? Daga abincin da yake ƙonawa! Ku toshe masa hanci, ƙishirwa ta kashe shi! Amma ku kiyayi jiƙaƙƙen wake, in kuka rufe shi tsami zai yi. Ni na gani da idona!"

Aka yi ta tafi. Ayuba ya tsaya riƙe da igiyar akuya har aka gama. Ya ce mini ba kuskure ko ɗaya a bayanin, duk daidai ne. Ya sayar da akuyar a tayin farko ya kamo hanyar gida a ƙasa.

Gaskiya ta fito ne a shekara ta biyar da lalacewar waken, kuma ba wanda ya neme ta. Wani mai amalanken jaki daga Kwaya, ana ce masa Habu, ya kawo kara garinmu, ya zauna shan ruwa a majalisa. Cikin hira ya nuna tsohuwar mangaza ya ce ai ya san ɗakin nan, wata shekara da sanyi ya yi sawu uku yana kwasar wake daga nan zuwa Waca, da rana tsaka lokacin mutane na kasuwa. Aka ce wa ya sa ka? Ya ce wannan mai surutun, wanda ke yawo da lasifika yanzu, shi ya buɗe da makullinsa. Bai ma san ya faɗi wani abu ba.

Kafin la'asar gari ya ɗauka. Amma tsohon maigari ya rasu, liman ya tsufa, Wahabu kuma ya kwashe iyalinsa ya koma Magariya da zama shekara guda kafin nan. Ba a yi taro ba, ba a kira kowa ba. Mutane suka riƙa cewa abin ya wuce, a bar wa Allah. Waɗanda suka fi zagin Ayuba a da suka koma gaishe shi da hannu biyu, suna tambayar lafiyar iyali har sau uku, ba wanda ya buɗe baki ya ce mun zalunce ka. Iya Mariya ce kaɗai ta zo. Ta dogara sandarta har tsakar gidansa, ta ƙi zama a tabarmar da Ƙande ta shimfiɗa.

"Ɗana, na ci wakenka ina tsine maka a zuciya. Ka yafe mini tun ina da rai."

Ayuba ya durƙusa ya ce ba komai, Iya. Da ta fita ya shiga ɗaki ya daɗe bai fito ba.

Bara da kaka mahaifiyar Wahabu ta rasu a nan garin, don ita ba ta bi shi birni ba. Da safe aka yi shela. Ayuba na cikin waɗanda suka fara isa maƙabarta da diga, shi ya haƙa rabin kabarin, ƙasar ta yi tauri. Wahabu ya iso daga Magariya ana gab da sallah, ya yi ƙiba, idanunsa sun yi ja. Bayan an rufe ta aka koma ƙofar gida zaman gaisuwa. Ayuba ya bi layi kamar kowa, ya miƙa masa hannu.

"Allah ya ji ƙanta. Allah ya ba da haƙuri."

Wahabu ya riƙe hannun bai saki ba, ya matsa a kan tabarma ya buɗe masa wuri kusa da shi.

"Zauna mana, Ayuba. Ina son mu yi magana in mutane sun ragu."

"Na bar gyaɗa a shanye, ga hadari," in ji Ayuba.

Ya zare hannunsa, ya sa takalmansa, ya ɗauki digarsa da ke jingine da bango. Wahabu ya yi kwana bakwai a garin. Ayuba ya aika Ƙande da ƙwaryar waina ranar sadakar uku, shi kuwa bai ƙara bi ta layin ba har baƙin suka watse.